Biyanu Ya Kai Ni Agadas

Bakano da ya nufi Agadas ba ya jin ya bar gida sai ya wuce Tanut. Ka bi ta Daura, ka tsallaka iyaka a Kwangwalam, ka ratsa Matamaye ka shiga Damagaram, duk Hausa ake yi maka. Abin da ya sauya kaɗan ne: naira ta koma sefa, dubu ta koma jikka, ɗan acaɓa ya koma ɗan kabu-kabu, mai tsayar da mota kuma jandarma ne. Bayan Tanut ne gonakin geron Damargu suke ƙarewa, ƙasa ta buɗe, sai ƙaya da raƙuma da rijiyoyin makiyaya. Tsakanin Damagaram da Agadas kimanin kilomita 450 ne, amma kada ka yi lissafi da kilomita. Ka yi da shingayen bincike, inda kowa zai sauko ya nuna takardarsa, da wuraren da kwalta ta gaji ta bar direba ya nemi hanyarsa a gefe. Mun sha shayi a Adarbisinat, muka gangara dutsen Tigidit, da la'asar sakaliya hasumiyar masallacin Agadas ta bayyana.

Na zaɓi watan Muharram ne saboda Biyanu, bikin da 'yan Agadas suke ji da shi fiye da kowane. Amma kafin ranar ta zo na samu sararin zaga tsohon gari a ƙafa, wanda shi ne hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Unguwanni 11 ne, irin su Katanga da Amarewat da Obitara, lunguna a murɗe, gidajen ƙasa ja masu zanen ado a bakin ƙofa. Masana sun ce tsarin ya bi sawun zangon ƙabilun Abzinawa ne tun ƙarni na 15, lokacin da masarautar Abzin ta kafu a nan: inda kowace ƙabila ta kafa bukkokinta, nan ya zama unguwarta. Shi ya sa ba za ka samu titi miƙaƙƙe ba sai wanda aka fasa daga baya.

Hasumiyar Babban Masallaci mita 27 ce, ginin ƙasa zalla, an fara ta wajen 1515 aka sake gina ta a 1844. Itatuwan da suka tsiro mata ta kowane gefe ba ado ba ne kawai, su magina suke takawa idan za su yi mata yaɓe. Na roƙi mai kula da masallacin ya bar ni in hau. Ya dubi tumbina ya ce, "Alhaji, ka dai yi bismilla." Matakalar tana ƙara matsewa kana ƙara sama, har ta kai sai da rarrafe, kafaɗa na gogar bango, warin jemage ya cika hanci. Da na leƙo ta sama sai na ga abin da ba a gani daga ƙasa: tsohon garin ɗan ƙarami ne. Abin da ya kewaye shi, sababbin unguwanni na bulo da kwano da suka miƙa har inda ido ya tsaya, ya ninka shi sau da yawa. Ƙidayar 2012 ta ba garin mutum fiye da dubu ɗari, kuma daga can sama ba sai an gaya maka an wuce nan da nisa ba. Arewa kuma ga duwatsun Abzin sun yi shuɗi.

Me ke ciyar da wannan jama'a a tsakiyar hamada? Amsar da ta fi gamsar da ni daga bakin wani dattijon direba na same ta, Ba'abzine mai rawani har hanci, a wata rumfar shayi kusa da otal ɗin da ke fuskantar masallaci, ginin da ake dangantawa da Kawsan, jagoran boren 1916 zuwa 1917 a kan Faransawa. Ya ce shi da Turawa ya fara tuƙi. A zamaninsa da sanyi ya shigo sai jirage su riƙa sauka kai tsaye daga Faransa, a kwashi baƙi a motocin shiga rairayi zuwa Timiya mai lemo da ruwa mai gangarowa daga dutse, zuwa Iferwan, zuwa Dabus inda mutanen dauri suka sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse, har cikin hamadar Tenere. Tseren motocin Paris zuwa Dakar ya bi ta Agadas tun fitowarsa ta farko a 1979. Mano Dayak, wanda filin jirgin garin ke ɗauke da sunansa, da kamfanin yawon buɗe ido ya yi suna kafin ya zama jagoran 'yan tawaye, ya rasu a haɗarin jirgi a 1995. Direba ya ci, mai dafa abinci ya ci, mai raƙumi, maƙeri, baduku, mai wanki, kowa ya samu.

Tawayen 1990 zuwa 1995 ya tsayar da harkar, ta farfaɗo, na 2007 ya sake kwantar da ita. Da aka sace ma'aikatan kamfanin uranium a Arlit a 2010, ƙasashen Turai suka shafa wa yankin jan fenti a taswirarsu, alamar kada mutanensu su zo, shi ke nan.

"To, Baba, sai kuka yi yaya?"

"Ɗana, motar tana nan, hanyar tana kaina. Sai na sauya fasinja."

Fasinjan da ya sauya su ne 'yan ci-rani masu neman Libiya. Kowace Litinin ayarin Hilux yake tashi bayan rakiyar soja zuwa Dirku, mutane a jere a baya ƙafafu na lilo, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo, da jarkar ruwa da aka naɗe da buhu. Gari ya cika da masu gidajen saukar baƙi, masu canji, masu sayar da tabarau da safar hannu. A 2015 gwamnati ta yi dokar hana safarar baƙin haure bisa matsin Tarayyar Turai, aka kama direbobi aka ƙwace motoci. Gwamnatin soja ta soke ta a Nuwamba 2023. Tun kafin dokar kuma zinariya ta ɓulla a Jado da Cibarkaten a 2014, wannan direban dai ya koma kai masu haƙa da ruwa da man fetur. Ya kurɓi shayinsa na uku ya ce, "Baƙo raɓa ne. Amma mu nan wata raɓar na bushewa wata na sauka."

Na daɗe ina juya maganarsa. Agadas ba ta taɓa rayuwa da abin da take nomawa ba, ko da yake lambunan kwarin Telwa da na Tabelot suna fitar da albasa mai yawa. Sana'arta ta asali ita ce saukar da matafiyi, ta shayar da shi, ta nuna masa hanya, ta karɓi ladanta. Haka ta yi wa ayarin gishirin Bilma da Fashi, haka ta yi wa Heinrich Barth da ya sauka a 1850, wanda har yau ana nuna ɗakin da ya kwana. Yawon buɗe ido zubi ɗaya ne cikin wannan tsohuwar sana'a, sai dai shi ne zubin da ya fi tsabta, ba gawa a rairayi, ba ramin da ke ruftawa da yara. Shi ya sa suke kewarsa.

Wurin maƙera na fi daɗewa. Wani saurayi na zaune a kan buzu, ɗan ƙanensa na jan zuga-zugi. Ya murza kakin zuma da yatsu har ya fitar da siffar kuros ɗin Agadas, abin wuyan nan da garin ya yi suna da shi, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya tura cikin garwashi. Kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. Sai ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin, ya jira, ya fasa yumɓun da ɗan guduma. Abin da ya fito baƙi ne, mummuna. Da magagari da ɗan ƙarfe mai tsini ya yi ta bin sa yana zana ɗigo da layi, ya riƙe shi da yatsun ƙafa, har ya ɗauki ƙyalli. Tunda kowane yumɓu sai an fasa shi, babu biyu da suke zama iri ɗaya sak. Na tambaye shi masu saye. Ya ɗaga wayarsa: hoto yake turawa ta WhatsApp, wani ɗan'uwansu da ke zagaya kasuwannin baje koli a Turai ya karɓi oda, saura kuma matan Yamai da amaren gari. Ya ce da Bature ke zuwa wurin kaya, yanzu kaya ke zuwa wurin Bature. Haka masu jita ma suka yi. Bombino da ƙungiyar Etran de l'Aïr a bukukuwan auren Agadas suka goge, yanzu a Amurka da Turai ake sayen tikitin ganinsu.

Sai ranar Biyanu. Gari ya rabu biyu, 'yan gabas da 'yan yamma, kowane ɓangare da tamburansa. Da marecen ado samari suka fito cikin manyan riguna, an ɗaura rawani an kafa masa tsoro irin na zakara a ka, takobi a kafaɗa, ana rawa ana juyi cikin ƙura, mata na guɗa daga kan soraye. Da dare aka fita bayan gari zuwa Alarsas aka kwana, da safe aka dawo ana kaɗa ganyen dabino, aka nufi fadar Sarkin Abzin gaisuwa, dogarai na buɗe hanya. Wani abu ya faranta mini: baƙin rawanin nan mai ƙyalli da ke rina goshin mai shi, turkuɗi ne, kuma da na tambayi wani daga ina, sai ya ce, "Daga wajenku mana, ɗan Kura ne." Marinan Kura da ke kudu da Kano sun daɗe suna yi wa Abzinawa wannan aiki.

A duk taron ban ga Bature ko ɗaya ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda a 2025 ma an sace wasu Turawa mata biyu a cikin garin. Amma masauki ya yi wuya. 'Yan Agadas mazauna Yamai da Arlit da Aljeriya sun dawo gida, ga 'yan Tawa, ga 'yan Damagaram. Tela bai yi barci ba, mai kilishi da mai cuku sun sayar, kabu-kabu ya ninka kuɗinsa (wannan kam har da ni a ciki). A ganina nan ne hukumomin garin suke da gyara. Har yanzu idan ana zancen farfaɗo da yawon buɗe ido, ko a bikin Abzin na Iferwan ko a taron makiyaya na Ingal da ake yi a Satumba, ido na kan filin jirgi ne, ana jiran ranar da Turawa za su dawo. Alhali ga miliyoyin mutane a Kano da Katsina da Maraɗi, masu jin harshen da ake ciniki da shi a kasuwar Agadas, waɗanda ba sa jiran izinin wani ofishin jakadanci. Bayanan da na gani a wuraren tarihi da Faransanci suke. Ɗan rakiyar da ya kai ni gidan Sidi Ka mai burodi, wanda aka ƙawata bangon cikinsa da zanen ƙasa har rufi, ya ce rabon da ya yi wa baƙo bayanin gidan da Hausa ya manta. Ya yi shi kuwa tiryan-tiryan, ya fi daɗi a bakinsa, ya karɓi jikka biyu, ya ce idan na koma Kano in gaya wa mutane hanya a buɗe take, su dai taho da katin shaida da haƙurin shingaye.