Damon da ya hana mu ɗiban ruwa

A fadarmu ta hira da ke unguwar Birni a Damagaram, bayan isha'i, shayi da kartar belot muka sani. Ni na ɓata wannan tsari. Wani ɗan yayata da ke karatu a Yamai ya zo hutu da labarin wani wasa, Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974. Ba a cin kowa a cikinsa. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana faɗin abin da zai yi, ɗan lido kuma ya yanke ko an dace. Na ce ai tatsuniya ce aka ba masu sauraro baki. Da yake ni ne mai surutun fada, ni aka ɗora wa ba da labarin.

Dodannin littafinsu ba su kwanta mini ba, sai na ƙirƙiro nawa: damo mai girman raƙumi, fatarsa dutse, yana zaune cikin manyan duwatsu irin waɗanda ke kewaye da Birni, a bakin tafkin da ba ya ƙafewa. Sihirinsa ɗaya ne. Duk wanda ya shiga yankinsa, ruwan salkarsa zai fara ƙonewa. Ba sai na yi wa ɗan Damagaram bayanin tashin hankalin da ke cikin wannan ba; mun san jiran ɗan garuwa a watan Afrilu.

Daren farko kuwa ɓarna na yi.

Mutum huɗu ne: ƙanena ya ɗauki maharbi, taubashina ɗan kasuwa, wani malamin lise ya ɗauki boka, ɗan yayata maƙeri. Suna isa duwatsun na sako musu damon ba sallama. Kafin a sauke shayi na biyu, maharbi da maƙeri sun mutu. Ƙanena ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaya, in dama yanka mu ka yi niyya, da ka faɗa mu zo da alwala."

Malamin lise ne ya gano rabin laifin, don lissafi yake koyarwa. Wasan na asali da ɗan lido mai fuska 20 ake yinsa. Mu ba mu da shi, sai muka haɗa na lido guda uku masu fuska shida muna tarawa. Ni kuma na ce sai an samu 16 ko fiye kafin makami ya huda fatar damon. Da mai fuska 20, sau ɗaya cikin huɗu ke nan. Da guda uku kuwa, hanyoyi 216 ne suke iya faɗuwa, 10 kacal ke kai 16. Wajen sau ɗaya cikin 22. Ya rubuta mini a bayan kwalin sukari, ya miƙo ba tare da ya ce komai ba. Tun daga ranar waya muke sa wa ta jefa mana.

Ɗaya rabin ni na gano shi, a kan gado. Na ce dabbar mai tsaron yanki ce, amma na tafiyar da ita kamar mahaukacin kare. Mai tsaron yanki ba farauta yake ba. So yake ka tafi, kuma faɗa asara ce gare shi. Kazar da ke da ƴan tsaki ma sai ta buɗe fiffike ta yi maka kashedi kafin ta kai sara. Balle damo, da Bahaushe ke wa kirari da sarkin haƙuri.

Sai na ɗauki kaye, wato littafin rubutu, na zana da'ira uku, wata cikin wata. A ta waje ba a ganinsa, sai alama: saɓar fata a maƙale a ƙaya, sawun farce a jikin dutse, tsuntsaye sun yi tsit, salka ta fara sauƙi a kafaɗa. A ta tsakiya zai fito ya hau dutse, ya kumbura wuya, ya yi huci, ya daki ƙasa da wutsiya har sau uku. Wanda ya ja da baya ya tsira, ko taku ɗaya ba zai bi shi ba. Ta cikin ce kaɗai babu magana, don can ƙwansa yake. Wannan na ƙarshe ban gaya wa kowa ba.

Alhamis ta gaba muka sake daga farko. Ƙanena, da sabon maharbinsa, ya nace sai an kashe shi. Hujjarsa Daura: macijin rijiyar Kusugu ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, Bayajida ya sare kansa, ya auri sarauniya. "To ni ina tawa sarauniyar?" Aka yi dariya, amma ba wanda ya bi shi. Sun ji hucin, sun ga ya tsaya a kan dutsensa bai sauko ba, sai suka fara abin da ban taɓa tsammani ba, wato tambaya. Malam ya ce, "Wane lokaci muke a labarin?" Na ce hunturu. Ya ce, "To damo ba ya motsi da sanyin asuba sai rana ta gasa shi." Ban shirya wannan ba, amma gaskiya ce, duk wanda ya ga ƙadangare a jikin katanga da safe ya sani. Na yarda. Suka lallaɓa da asuba, suka cika salkuna takwas, suka fita kafin hantsi. Ba a zare takobi ba, kuma daren ne aka fi ihu a fadar, har maƙwabci ya leƙo.

A nan na koyi riƙe bakina. Da na ji sun kawo dabarar da ta fi tawa, sai in yi kamar dama haka na tsara. Na kuma daina ƙara wa damon ƙarfi; alamu nake ƙarawa.

Taubashina ne ya kwance mini lissafi. Makon jiya, ana ɗiban ruwa, ya ce ɗan kasuwarsa zai zagaya bayan duwatsu. Waya ta ba shi 19. Ya iske ramin, ya ga ƙwai uku masu girman tulu, ya naɗe ɗaya a rawani ya ɗora wa jaki.

Na ce, "Kai, ka tabbata?"

Ya ce, "Taubashi, kai dai faɗi nawa zai yi a kasuwa."

Na duba kayena. Da'irar nan uku ba tafkin na zana su a kai ba, ƙwan na sa a tsakiya. Yanzu ƙwai guda yana kan jaki, ya nufi garin da ke da rijiya bakwai da mutum dubu. Na rufe kayen na ce a zuba shayi na uku, sai Alhamis.