Ga ƙannena masu shirin digirin digirgir a injiniyancin kayan asibiti

Makon jiya wani yaro da muka ɗauka aikin koyarwa bara ya shigo ofishina da takarda a hannu, bakinsa har kunne. Ya samu gurbin digirin digirgir a wata jami'a a Turai, yana so in rubuta masa takardar shaida. Na tambaye shi a kan me zai yi bincike. Ya ce a kan ɗab'in sassan jiki da na'ura, wato a riƙa jera ƙwayoyin halitta masu rai bisa juna har su zama tsoka ko guringuntsi. Na ce madalla. Sai na ce, to ɗana, ka taɓa leƙa ɗakin gyaran na'urori na asibitin da ke nan kusa da mu? Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan aikin masu gyara ne. Ni bincike nake son yi."

Na rubuta masa takardar, don yaro ne haziƙi. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ita ce maganar da na faɗa wa wani dattijo lokacin ina sa'arsa, ba ragi ba ƙari.

Injiniyancin lantarki na karanta a digirin farko. A wancan zamanin duk mai bin labarin kimiyya ya ji zancen gina tsokar jiki a ɗakin gwaji. Robert Langer da Joseph Vacanti sun buga maƙalarsu a mujallar Science a 1993, sannan a 1997 hoton ɓeran nan mai siffar kunnen mutum a gadon bayansa ya zaga duniya. Na ga hoton na ce ni ma nan zan sa gaba. Da Allah ya ba ni tallafin karatu zuwa Ingila, ban yi shawara da kowa ba na zaɓi aikin guringuntsi. Na koyi renon ƙwayoyin halitta a kan wata saƙar roba mai narkewa a jiki. Kuma wallahi na iya aikin. Ban taɓa jin daɗin wani abu a rayuwata ta karatu kamar waɗannan shekarun ba.

Abin da ban tsaya na lissafa ba shi ne me aikin yake ci. Ƙwayoyin nan suna zama ne a akwatin da zafinsa ba ya gocewa daga digiri 37, da iskar kabon kashi 5 cikin 100, dare da rana. Ana ajiye samfuri a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, wasu kuma a ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifili. Ruwan da ake ciyar da su daga waje ake sayo shi, a daskare, kuma in ya narke a hanya ya tashi aiki. A can ban taɓa tunanin ɗaya daga cikin waɗannan ba, don kullum na buɗe firiza akwai sanyi, na buɗe kabad akwai kaya.

Na dawo gida da akwatin samfuri da dogon buri. Wuta ta ɗauke a wani ƙarshen mako, man janareto ya ƙare, ranar Litinin na tarar da aikin shekaru ya zama ruwa. Na sake nema, na sake asara. Daga nan na koma rubuta takardun neman tallafi, ina jiran ranar da za a gina mini ɗakin gwaji irin na can. Shekarun da ya kamata in fi ƙarfin aiki a cikinsu, a wannan jiran suka tafi.

Ba na so in ɗora wa kaina abin da ba nawa ba. Ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini. A lokacin sassan wannan fanni a jami'o'in Nijeriya ba su kai a ƙirga ba, ba wani babba a gabana da ya bi hanyar balle ya ce ga rami. Malamina na can mutumin kirki ne, amma bai taɓa zama a garin da wuta ke ɗaukewa ba, ta ina zai yi mini gargaɗi? Sannan shin laifi ne ɗan Arewa ya so kimiyyar da ake yayi a duniya? Har gobe ina jin zafi in na ji ana cewa mu namu shi ne gyaran tsofaffin kaya, manyan tambayoyi kuma na Turawa ne. Wannan raini ne, ban yarda da shi ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, an faɗa mini. Dattijon da na ambata shi ne babban mai gyara a wani asibiti, ya manyanta a kan aikin. Kafin in tafi, ya ce mini, "Injiniya, ka zo ka zauna da mu ko wata uku ne, ka ga abin da ke kashe na'urorin nan, sai ka san me za ka je ka karanto." Na ba shi amsar da yaron nan ya ba ni. Bai ce komai ba, ya ci gaba da aikinsa.

Da ƙarin girma ya matso, ga iyali, ga ƙanne a makaranta, sai na shiga abin da ya fi damuna yanzu. Ana ƙirga maƙaloli, ni kuwa ba ɗakin gwaji. Na koma kwaikwayon abubuwa a kwamfuta, in tsaga aiki ɗaya gida uku, in tura wa mujallun da ke amsawa cikin kwana kaɗan muddin ka biya dala. Daga baya na ga wasunsu a jerin mujallun bogi da Jeffrey Beall ya riƙa tarawa kafin ya sauke shi a farkon 2017. Zan iya cewa kowa haka yake yi, kuma da yawa sun yi. Zan iya cewa tsarin ne ya tilasta, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai ni na san abin da nake yi lokacin da nake yin sa. Na samu girman. Ba na jin akwai majinyaci ɗaya da waɗannan takardun suka amfana.

Ranar da abin ya fito mini fili ita ce ranar da ƙanwata ta haifi bakwaini. Na je dubiya na ga kwalaben jarirai a jingine a bango an lulluɓe su da zani, masu aiki ba su wadatar ba. Na'urar tace oksijin ɗaya tana ta ƙara, fitilar gargaɗi a kunne. Nas ɗin ta san ni, ta ce, "Dokta, ai fanninka ne, duba mana." Na tsaya ina kallonta. A takarda na san yadda take aiki: tana jan iskar ɗaki mai oksijin kashi 21 cikin 100, ta matsa ta cikin wasu ƙwayoyi masu riƙe naitirojin, ta fitar da oksijin sama da kashi 90. Amma ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Wani yaron dattijon nan aka kira, ya ciro matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, ya sa wata, ƙara ta tsaya. Jaririyar ta rayu, alhamdulillahi, ba da hannuna a ciki ba.

Bayan haka ne na fara karanta abin da ya kamata in karanta tun farko. Lora Perry da Robert Malkin na Jami'ar Duke sun duba bayanan na'urori 112,040 a ƙasashe 16 masu tasowa, suka buga a 2011 cewa kusan kashi 38 cikin 100 ba sa aiki. Manyan dalilan su ne rashin horo, rashin tsarin kula da kaya, da matsalar wuta da makamantanta. Wata na'urar ma kyauta aka kawo ta daga Amurka, an ƙera ta don wuta mai ƙarfin 120, aka jona ta a tamu mai 230. Na kuma gano cewa ɗaya daga cikin manyan kamfanonin fannin daga ɗakin gyara ya taso. Earl Bakken ya buɗe kamfanin Medtronic a 1949 a cikin gareji a Minneapolis, aikinsa gyaran kayan asibiti. Da wuta ta ɗauke a birnin a ƙarshen Oktoban 1957, likitan zuciya Walton Lillehei ya roƙe shi ya yi na'urar daidaita bugun zuciya da ba ta dogara da wutar bango ba, cikin 'yan makonni ya kawo mai batir. Likitan ya neme shi ne don kullum yana ganin sa a asibiti da kayan gyara.

Na kusa ma akwai. Malamai da ɗaliban Jami'ar Rice sun haɗa kai da likitocin asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantyre a Malawi, suka yi na'urar taimakon numfashin jarirai da famfon iska irin na tankin kifi. A sakamakon da suka fitar a 2014, jarirai 71 cikin 100 da aka sa wa na'urar sun rayu, a kan 44 na waɗanda aka ba oksijin kawai ta hanci. Ga kuma Farfesa Hippolite Amadi, wanda ya shafe shekaru yana bin asibitocin Nijeriya yana tayar da kwalaben jarirai da aka jingine, har ya je Nguru ya yi nazarin yadda zafin rana da ginin ɗaki ke sa jarirai zazzaɓin yamma. A 2023 shi ya ci kyautar kimiyya ta Nijeriya mai dala 100,000. Wa zai ce wannan ba bincike ba ne?

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari goma. Da na tace su, yawanci surutu ne.

Ku shiga asibiti kafin ku zaɓi batu. Ba ziyarar yini ɗaya da ɗaukar hoto ba, ku zauna watanni a ɗakin gyara, ku riƙe sukundireba da mita, ku bi nas-nas zagayen dare, ku rubuta duk abin da ya lalace da dalilinsa. Tambayoyi na nan zube. A Disamban 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan sun nuna cewa ɗan abin auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa yana ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da farare. Mu da kowane majinyacinmu baƙar fata ne, matanmu kuma da lalle a yatsu, me ya hana mu riga su tambaya? Ni da digirin lantarki, haske da na'urar aunawa ai gidana ne. Ban duba ba.

Abin da ke ba ni haushi da ku shi ne gaggawa. Yaro bai taɓa liƙe waya da dalma ba, amma ya cika shafinsa na LinkedIn da laƙabi. Ka ba shi maƙala ya karanta, sai ya sa manhaja ta taƙaita masa, ya zo yana maimaita abin da bai fahimta ba. Ka ce ya je asibiti, ya ce ba kuɗin mota, alhali kullum da data a wayarsa. Na san zamaninku ya fi namu tsada, na san albashin ƙaramin malami ba ya kai wata. Duk da haka, ba ku da uzurin da nake da shi, don ku ga mu nan kuna ganin inda muka ƙare.

Na biyu, kafin ka karɓi kowane batu, ka rubuta duk abin da aikin ke buƙata, daga wuta zuwa ruwa zuwa sinadari, ka tambayi kanka wanne zai samu a inda za ka koma. In rabi ba zai samu ba, canja batu. Kuma ka tambayi tsofaffin ɗaliban malamin da zai duba ka ina suke yanzu, sunan jami'a ba ya duba ɗalibi.

Maganar maƙaloli kuwa, kada ka ƙirga su. Ɗaya mai kyau ta fi tari. To amma kada ka zauna ba ka buga ba, don kwamitin ƙarin girma ƙirgawa yake yi, kuma wanda aka bari a baya ba ya da bakin gyara komai a sashe. Na san maganganun biyu suna karo. Haka na same su, ban iya sasanta su ba. Iyakar abin da na tabbata shi ne, mujallar da ta amsa maka cikin kwana uku tana neman kuɗi, kada ka tura mata.

In kuwa ka duba zuciyarka ka ga lallai ginin tsoka kake so, ba don suna ba, to je ka yi, kuma ka yi shi sosai. Sai dai kada ka yaudari kanka cewa za ka dawo ka ci gaba da shi a ɗakin da firiza ke mutuwa duk mako. Ka zauna inda kayan aikin suke, ka ɗauki ɗalibanmu, ka buɗe musu ƙofa, ka aiko da abin da za ka iya. A taron sashe ni ne mai faɗan cewa duk wanda aka tura karatu ya dawo, kuma in da yarjejeniya a kanka dole ka cika ta, wannan amana ce. Amma bayan ka cika, in zaɓin ya zama tsakanin ka yi aikin gaske a can ko ka zauna nan kana jiran ɗakin gwaji kamar yadda na jira, ni ba zan ce maka ka zauna ba.