Godiya ga waɗanda sunansu bai hau kan maƙalun ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, an yi taro ranar Asabar an tashi lafiya. Tun da jami'a ta fitar da sanarwar ƙara mini girma zuwa matsayin farfesa wayata ba ta huta ba, kuma akwai saƙonni da dama da har yanzu ban samu amsawa ba. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta godiyata a fili, kowa ya ɗauki rabonsa. Yaba kyauta tukwici.

A wurin walimar, ɗaya daga cikin ɗalibaina ya buɗe shafina na Google Scholar a waya, ya karanta wa jama'a yawan maƙalun da na wallafa da yawan ambaton da suka samu, aka yi ta kabbara. Da aka fara watsewa sai Gwaggo ta kamo hannuna ta ce, "Ke 'yar nan, wai mene ne ake ta ƙirgawa haka?" Gwaggo, ga amsarki, don na san ba ke kaɗai ke da wannan tambayar ba.

Idan mai bincike ya gama aiki, sai ya rubuta abin da ya gano ya aika wa mujallar masana. Editan ya tura wa mutum biyu ko uku da suka san fannin, waɗanda galibi ba za a taɓa faɗa maka sunayensu ba, su tsefe aikin. Wani lokaci su ce a gyara, wani lokaci su ce bai isa ba. Idan ya fito, kuma wani a Brazil ko Indiya ko Burkina Faso ya zo yin nasa binciken ya kafa hujja da naka, ya sa sunanka a ƙarshen tasa maƙalar, to ka samu ambato ɗaya ke nan. Akwai kuma ma'aunin h, wanda wani masanin fiziya a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005. Idan an ce na mutum 20 ne, ana nufin yana da maƙalu 20 da kowacce an ambace ta aƙalla sau 20. Waɗannan maƙalun ne ake ɗaurewa a aika wa farfesoshin wasu jami'o'i su duba a asirce kafin a ba mutum kujera.

Ina ganin amfanin wannan ƙidaya, amma na san iyakarta. Cikin maƙalun da aka fi ambata a duk ilimin tsirrai akwai ta Murashige da Skoog ta 1962, wadda ta bayyana yadda ake haɗa abincin rainon tsiro a cikin kwalba, da ta Doyle da Doyle ta 1987 kan yadda ake fitar da DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, daga ganye. Kowa na amfani da su kullum, don haka kowa na ambatonsu. Haka mai aiki a kan shinkafa ko masara, ko ɗan tsiron nan Arabidopsis da aka kammala karanta kundin halittarsa tun 2000, yana da dubban abokan aiki a duniya da za su karanta shi. Mu masu wake ba mu da yawa. Najeriya ce ta ɗaya a noman wake a duniya, Nijar na bi mata, amma ɗakunan gwajin da ke bin ƙwayoyin halittarsa ƙalilan ne. Saboda haka kowane ambato da na samu yana da tsada a wurina, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi shi na san su da fuska. Na gode muku, 'yan'uwa.

Abin da na shafe shekarun aikina a kai shi ne wake da wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Duk mai noma a jigawa tsakanin Kano da Maraɗi ya san ta. Irinta ƙanana ne ƙwarai, da ƙyar ido ke kama guda ɗaya, kuma yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 bai tsiro ba, sai ya ji wani sinadari da saiwar wake ke fitarwa. Da ya ji sai ya tsiro, ya manne wa saiwar, ya huda ta, ya riƙa zuƙe ruwa da abinci. Kafin manomi ya ga furenta a sama, ta riga ta yi ɓarnarta a ƙasa. Wadda ke kama wake daban take da mai kama dawa da gero, kuma ita kanta ta waken iri-iri ce. Masana sun rarrabe aƙalla bakwai a wannan yanki namu, ta Najeriya da Nijar ita ake kira SG3.

Babu wata maƙalata da za ta tsaya da ƙafarta ba tare da aikin wasu mutane da suka riga ni ba, kuma dole in ambace su. An samo wani waken gargajiya daga Botswana mai lamba B301, wanda wuta-wutar nan tamu ba ta iya kama shi. Dakta B. B. Singh da abokan aikinsa a tashar IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, da ke Kano suka yi shekaru suna haɗa shi da sauran iri, har aka samu IT97K-499-35, wanda manomanmu suka sani da SAMPEA 10 ta hannun Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. A 2009 Jianxiong Li da Michael Timko na Jami'ar Virginia suka wallafa a mujallar Science cewa sun kamo ƙwayar halittar da ke ba B301 wannan kariya, suka sa mata suna RSG3-301. Abin da take yi ya daɗe yana burge ni: da wuta-wuta ta fara huda saiwa, sai naman saiwar da ke kewaye da wurin ya mutu nan take, baƙuwar ta rasa hanyar shiga, ta bushe. Da suka toshe aikin ƙwayar, sai kariyar ta tafi. A 2019 kuma Stefano Lonardi da ayarinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside suka fitar da kundin halittar wake, mai ƙwayoyi sama da 29,000, kuma wancan irin da aka samar a Kano, IT97K-499-35, shi suka karanta. Sun bar shi a intanet kyauta. Ɗalibina yau yana zaune da kwamfutarsa yana neman abin da a da sai an yi shekaru ana lalube. Allah ya saka musu da alheri. Haka shirin AGORA da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara a 2003, wanda ya buɗe wa jami'o'i irin namu mujallun da kuɗinsu ya fi ƙarfinmu.

Yanzu ga waɗanda saboda su na zauna yin wannan rubutu.

Baba, babban ma'aikacin ɗakin gwajinmu, ina farawa da kai. Sunanka ba ya saman maƙala ko ɗaya, sai dai a can ƙasa cikin ƙananan haruffa inda ake godiya, wurin da injin ƙidaya ba ya leƙawa. Amma kai ka koya wa kowane ɗalibi nawa yadda ake tsinko ɗanyen ganyen wake da sassafe, a zuba masa ruwan naitirojin a ɗan turmi yana hayaƙi, a daka shi ya zama gari kafin ya narke. Kai kake tsayawa a kansu har su zuba barasar gwaji mai sanyi, su ɗaga kwalbar sama, su ga DNA ya taru fari kamar zaren auduga. Na sha ganin fuskar yaro a wannan lokacin, kuma na sha ganin taka kana murmushi a bayansa. A dogon yajin aikin 2022, lokacin da harabar makaranta ta zama kufai, firizarmu mai sanyin maki 80 ƙasa da sifili tana ɗauke da samfuran shekaru. Da ta narke, da aikin ɗalibai da dama ya bi ruwa. Kai ka riƙa zuwa kana duba janareto, kuma daren da ya ƙi tashi, kai ka buga wa mai ƙanƙara ƙofa, aka cika kuloli aka kwashe kayan zuwa wani wurin da ke da wuta. Ba wanda ya sa ka, ba kuma wanda ya biya ka. Baba, Allah ya yi wa zuriyarka albarka, ya ba ka abin da ya fi wannan kujera.

Ɗalibaina na digiri na biyu da na uku, mafi yawan maƙalun nan da hannunku aka yi su. Ku kuka kwana gaban na'urar PCR, mai ninka DNA don a iya ganinsa, kuna addu'ar kada wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki. Ku kuka leƙa jel, faifan da ake baje DNA a kai, ƙarƙashin fitila kuna neman ɗan layin nan mai haske da ke nuna cewa tsiro ya gaji kariya, tun yana da ganye biyu, ba sai an jira makonni a tukunya mai cike da irin wuta-wuta ba. Sannan ku kuka wanke saiwoyi a ruwa ɗaya bayan ɗaya kuna ƙirga ƙullutun da suka manne, don a tabbatar layin bai yi ƙarya ba. Na tsaya a kan cewa wanda ya yi aikin sunansa ke zuwa farko, kuma in sha Allahu haka za mu ci gaba.

Manoman da suka ba mu gonakinsu, ba ku da shafi a Google Scholar, amma kuna cikin kowace lamba da aka karanta. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya yanki gonarsa ya ce a shuka irin da bai sani ba, har ya yarda a bar wuta-wuta ta yi fure a wani sashe saboda gwaji. Wani dattijo a cikinku ne ya tumɓuke wake a gabana, ya karkaɗe ƙasar, ya nuna mini ƙullutun da yatsa ya ce, "Malama, in irinku zai hana wannan amma ba ya harawa, dabbobina me za su ci da rani?" Tun daga ranar muke auna harawa tare da ƙwaya a duk gwajinmu. Baba Alhaji, tambayarka ta haifi aikin digirin wani yaro.

Ina godiya ga masu bitar da ban san su ba, musamman wanda ya dage sai an ƙara gwajin damina guda kafin ya amince. Jiran ya yi nauyi, amma wannan maƙalar ce yau aka fi ambata cikin nawa. Haka farfesoshin da suka karanta ɗaurin takarduna suka rubuta rahoto. Haka abokan aiki na ƙasashen waje da suka ɗauki nauyin kuɗin wallafa lokacin da dala ta gagare mu, da waɗanda suka taho mana da sinadarai cikin kula a jirgi.

Malamina da ya duba aikin digirina na uku bai ga wannan rana ba. Shi ya fara zaunar da ni da jan biro, layi bayan layi, har na iya rubuta abin da na gani ba tare da ƙari ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya albarkaci bayansa.

Inna, addu'arki ce. Abban yara, kai ka san sau nawa ka tada mota da tsakar dare ka kai ni in cire samfuri, ka zauna a waje kana jira ba ƙorafi. Yaya, ke kika riƙe mini yara duk lokacin da na tafi gona ko taro. 'Ya'yana, kun yi haƙuri da uwar da takardu suka cika mata tebur, Allah ya yi muku albarka.

Matan unguwa da suka kwana a kan tukwane, matasan da suka jera kujeru suka kwashe, limamin da ya buɗe taro da addu'a, da 'yan'uwan da suka taso daga nesa har da na Damagaram, duk na gani kuma na gode. Manomanmu kuma ku saurare mu kafin saukar damina, ni da ɗalibai za mu zo da sakamakon gwajin bara da irin da za a raba.

Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya bar zumunci. Na gode, na gode.