Abin da ramukan kuza suka koya mini game da halittun da ido ba ya gani

A shekarar 1934 wani masani ɗan ƙasar Holand, Lourens Baas Becking, ya faɗi maganar da har yau ake karantar da duk ɗalibin da ya shiga fagen ƙananan halittu. Cewa ya yi kowane irin bakteriya yana ko'ina a duniya, muhalli ne kawai ke zaɓar wanda zai yi ƙarfi a wuri. Hujjarsa ita ce abin da ya kai wannan ƙanƙanta, iska da ruwa da tsuntsaye za su kai shi duk inda suka nufa. Mazaunin Jos ba zai yi saurin musa masa ba, domin ƙurar da ke lulluɓe mu da hunturu, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, kuma ba ita kaɗai take zuwa ba.

Da wannan karatu na shiga bincike a kan tsofaffin ramukan kuza da ke tsakanin Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka riƙa haƙa a nan. Da suka tafi ruwa ya cika ramukan, yau da shi ake noman rani na kabeji da karas da tumatir. A idon mai nazarin muhalli kowane rami tsibiri ne: ruwa tsaye, tudu ya kewaye shi, kowanne da zurfinsa da shekarunsa. Robert MacArthur da Edward Wilson sun nuna a 1967 cewa yawan ire-iren halittun da ke tsibiri ya danganta da girmansa da kuma nisansa daga babban yanki. Sun yi maganar ne a kan tsuntsaye da ƙwari da tsirrai. Abin da ya dame ni shi ne ko dokar ta hau kan bakteriya.

Na fara da sanin iyakar farantin gwaji, wato farantin da ake renon bakteriya a cikinsa a ɗakin bincike. Giram ɗaya na ƙasa mai kyau yana iya ɗaukar bakteriya kusan biliyan ɗaya, amma waɗanda ke yarda su tsiro a faranti galibi ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Sai bayan aikin Carl Woese na 1977, wanda ya buɗe hanyar gane halitta ta karanta ƙwayar gadonta, aka fara ganin sauran. Karatun ƙwayar gado, wato DNA, na da tsada a wajenmu, shi ya sa duk abin da faranti ya nuna mini nake rubuta shi a matsayin ɗan yanki kawai.

Cewa muhalli na zaɓe, wannan gaskiya ne, kuma hanci ma kan shaida. Laka ta bakin rami inda taki ke gangarowa daban take da baƙar laka ta ƙasa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda aikin bakteriya masu rayuwa ba tare da iska ba ne. A 2006 Noah Fierer da Robert Jackson sun gwada samfurin ƙasa 98 daga Amurka ta Arewa da ta Kudu, suka gano tsamin ƙasa ya fi zafin wuri ko nisansa daga layin ikwaita da ya raba duniya kudu da arewa bayyana yawan ire-iren bakteriya. Ƙasar Filato galibi mai tsami ce, kuma masu lambu sun daɗe suna zuba mata tokar sharar gari, wadda ke rage tsamin. Na taɓa tambayar wani dattijo, "Baba, me ya sa kuke zuba wa wannan kwamin toka kuka bar wancan?" Ya ce, "Yaro, ai ba ƙasa ɗaya ba ce, ko da gonar ɗaya ce." Taku kaɗan ne tsakaninsu. Tun daga nan ba na ɗibar cokali ɗaya in ce ya wakilci gona.

Inda na rabu da Baas Becking shi ne rabin farko na maganarsa. A 2003 Rachel Whitaker da abokan aikinta sun duba wata halitta mai suna Sulfolobus da ke zaune a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Kamcatka a Rasha da Yalosoton a Amurka da kuma Aisland. Muhallin kusan iri ɗaya ne, amma na kowane yanki ya bambanta a gadonsa, kuma bambancin na ƙaruwa da nisa. Ashe tafiya na yi musu wuya.

Akwai misalin da ya fi kusa da mu. Wake da gyaɗa na yin 'yan ƙulle-ƙulle a saiwa, inda bakteriya ke jawo sinadarin naitirojin daga iska su ciyar da shuka. Da aka kawo irin waken suya na Amurka, sau da yawa ya ƙi yin ƙullin a ƙasarmu, saboda abokin zamansa ba ya nan da yawan da zai wadatar. Sai da cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta fito da irin da ke shiri da bakteriyar gida, aka kuma riƙa shafa wa iri bakteriyar da ta dace kafin shuka. Da komai na ko'ina, da ba a sha wannan wahalar ba.

Saboda haka yanzu, bayan tsamin ruwa da zurfi da nisan rami daga na kusa da shi, ina rubuta tarihinsa: yaushe aka daina haƙa, ko rafi na shiga, ko shanu na sha a ciki. Wanda ya riga isa wuri yakan kame shi, na baya ya rasa gurbi ko da muhallin ya dace da shi. Wannan tarihi ba kasafai ake samunsa a takarda ba, yana bakin tsofaffin leburorin kuza da 'ya'yansu, don haka rabin yinina na ɗibar samfuri a zaune nake yinsa ina sauraronsu.