Abin da bakteriyar teku ke koya wa mai aikin lab a ƙasar zafi

Ɗalibin da ya saba da dihe, wato sifirulina, koriyar halittar ruwa da matan Kanembu ke tsamowa a tafkunan Kanem na Chadi, yakan ɗauka hanya ɗaya ce ake samun maiko mai tagwayen ɗauri da yawa tsakanin kabon da kabon: a gama sarƙar kabon ɗin, sannan enzayim ɗin desaturase ya sa ɗaurin da taimakon oksijin. Bakteriyar teku ba haka take yi ba. Shewanella da Photobacterium profundum na yin maikon da ake kira EPA, mai kabon 20 da tagwayen ɗauri 5, Moritella marina kuwa DHA, kabon 22, ɗauri 6, kuma aikin babu ruwansa da oksijin. Tun ana ƙara kabon bibbiyu daga malonyl-CoA, tubalin gina sarƙar, ake cire ruwa a bar ɗaurin a wurinsa. Wani masani mai suna Yazawa ya sa E. coli, bakteriyar da aka saba gwaji da ita a lab, ta yi EPA a 1996, sai a 2001 Metz da abokan aikinsa suka fayyace yadda abin ke gudana.

Ƙwayoyin gado biyar ne ke riƙe da aikin, daga pfaA zuwa pfaE. Kowace na samar da furotin mai sunanta. PfaA ce babba, tana ɗauke da sassan da ake kira ACP guda biyar ko shida a jere, su ne hannuwan da ke riƙe sarƙar. Amma hannuwan nan a mace suke sai PfaE ta liƙa musu wani sinadari mai suna phosphopantetheine. A nan ake yawan faɗuwa, domin a Moritella marina pfaE ba ta zaune tare da sauran huɗun. Mutum ya kwashi pfaA zuwa pfaD, ya zuba cikin E. coli, ya jira DHA, shiru kake ji.

Sai zafi, wanda shi ne babban abokin gabanmu a nan. Halittun nan 'yan ruwan sanyi ne. Ko E. coli da aka sa wa pfa, a digiri 15 zuwa 20 take bayar da maikon, a 37 kusan babu komai. A Garwa ko Marwa na arewacin Kamaru, inda Afrilu kan haura digiri 40, dare ɗaya ba wuta ya isa ya ɓata gwajin mako guda. In injin sanyaya ba shi da janareta, a ganina gara ma kada a fara.

Ko an samu maikon, saura kiyaye shi. Yawan ɗaurin nan shi ke sa iska da haske su lalata shi da wuri. A sa BHT, sinadarin da ke hana iska lalata maiko, tun wajen tatsa, a busar da naitirojin, a rufe a kwalba mai duhu cikin firiza. Kafin a kai injin GC, mai rarrabe nau'ukan maiko, a tabbata akwai EPA da DHA tsantsa na kwatance.