Iskar taya, daga ƙofar gida zuwa filin tsere

Asabar.

Shida saura na fito, gari da ɗan sanyi, na durƙusa gaban motar da geji, wato ma'aunin iskar taya, a hannu tun ban tayar da inji ba. Da gangan na yi hakan. Lambar da kamfani ya manna a jikin ƙofar direba ta taya mai sanyi ce, wadda ta kwana ba ta taka titi ba, ko ta huta aƙalla awa uku. A Mazda MX-5 ɗina 29 psi aka rubuta, gaba da baya (psi shi ne awon ƙarfin iskar taya). Uku na same su daidai, ta baya ta dama ta sauka zuwa 28, na ƙara mata. Akwai wata lamba babba a jikin robar kanta da mutane da yawa ke bi, alhali ita iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce kawai. Kamfanin taya bai san motar da za a ɗaura wa tayarsa ba. Kamfanin mota ne ya san nauyinta.

Tafiyar awa guda ta kai ni filin tseren motoci. Da na sake aunawa a wurin ajiye motoci, duk sun hau 31. Na bar su haka, na sa hular kwano, na shiga zangon farko na minti ashirin.

Zagaye uku na farko motar ta bi hannuna yadda nake so. Inda na nuna mata, nan take zuwa. Daga na shida abin ya fara canzawa. Akwai wata doguwar kwana ta dama da ake shiga da gudu a giya ta uku. Na karya sitiyari kamar yadda na yi a baya, sai hancin motar ya ƙi shiga, ya dinga tura ni waje, tayar gaba na kuka. Na sassauta totur, ta dawo. A kwana ta gaba kuma baya ne ya nemi zamewa. Ji na yi kamar an shafa wa kwaltar mai, alhali a bushe take ƙarau. Raina bai kwanta ba, na fito tun kafin a ɗaga tuta.

Ina tsayawa na diro da geji, don kowane minti tayar hucewa take yi. Gaba hagu 37, gaba dama 35, baya hagu 36, baya dama 34. Filin yana juyawa ne yadda hannun agogo ke juyawa, yawancin kwanoninsa na dama ne, don haka nauyin motar a kan tayoyin hagu yake sauka, musamman ta gaba wadda ke ɗaukar birki da juyi tare.

Wani dattijo da ya ajiye motarsa kusa da tawa yana kallona. Ya matso ya ce, "Ɗana, nawa ka shiga da ita?"

Na ce, "29 da sanyi, Baba, kamar yadda aka rubuta a ƙofa."

Ya ce, "Ta ƙofa ta kawo ka nan lafiya, aikinta ya ƙare sai yamma. A nan ta zafi muke tambaya."

Ya ɗauko ma'aunin zafi mai ɗan tsinke a baki, ya soka shi cikin robar tayar gaba ta hagu wuri uku: gefen ciki, tsakiya, gefen waje. Digiri 68, 75, 70 a ma'aunin Celsius. Ya nuna mini da yatsa yadda tsakiyar ta fi gefunan biyu zafi. Iska ta yi yawa, tayar ta kumburo, tsakiyarta ce ke cin wahala ita kaɗai, gefuna kuwa ba su dafe ƙasa sosai ba. Da gefunan ne suka fi tsakiya zafi, da sai a ce iskar ta yi kaɗan. Abin da ke riƙe motar a ƙasa gaba ɗaya wuri huɗu ne, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu da yawa ba, ni kuma na rage su da kaina.

Na zauna a kan kujerar direba na yi lissafin a waya, don ina son in ga dalilin da idona. Iska a rufe take cikin taya, ba ta da inda za ta je. Idan ta yi zafi, sai ta ƙara matsa bango. Kusan 1 psi take ƙaruwa a duk digiri 6 zuwa 7. Da safe zafin gari bai wuce digiri 18 ba. In iskar cikin tayar ta kai digiri 60, daga lanƙwasar roba da gogar kwalta da zafin birki da ke ratsowa ta ƙarfen wili, 29 ta zama 35 ke nan. Daidai da abin da geji ya nuna mini.

Na danna kan bawul na sauke kowacce zuwa 33 tun suna da zafi. Baba ya miƙo mini guntun farin alli, na ja layi uku-uku daga saman kowace taya, na ƙetara kafaɗarta zuwa gefe. In na dawo, inda allin ya goge shi ne iyakar inda tayar ke kwantawa a kwana.

Zango na biyu ya yi daɗi ƙwarai. Doguwar kwanar nan na shiga ta, motar ta zauna, ba kuka ba turjiya, har zagaye na goma ba ta canza hali ba. Na fito da 34 a hagu, 33 a dama, na ɗan sake ragewa. Allin ya goge daidai bakin kafaɗa.

A na uku na so in ga ƙarshen abin, na sauke na gaba zuwa 30 da zafi. Nan take na ji bambanci: sitiyari ya yi nauyi, in na karya sai motar ta ɗan jinkirta kafin ta amsa, kamar tana tafiya a kan katifa. Da na fito allin ya goge har cikin gefen taya, wurin da ba a yi shi don taka ƙasa ba. Wannan ɓangaren ya fi ba ni tsoro. Taya mai iska da yawa santsi take yi, ta yi maka gargaɗi. Mai ƙarancin iska kuwa gefenta ke ta lanƙwashewa yana tara zafi a ciki, kuma in ta yi ƙasa sosai tana iya zamewa daga bakin wili a tsakiyar kwana. Na mayar da su 32, kuma a nan na tsaya har yamma. Wannan lambar ta motata ce, da waɗannan tayoyin, a wannan rana. Mota mai nauyin tan ɗaya da rabi ko mai inji a baya, tata daban.

Bayan hutun tsakar rana na auna na ga 27 a gefe guda, 29 a gefen da rana ta buga. Hannuna har ya kai kan famfo. Baba ya girgiza kai daga inda yake zaune. "Bar su, ɗana. Ka yi zagaye biyu a hankali, kada ka hau dakalin kwana, za su dawo da kansu." Haka kuwa aka yi.

Wani matashi ya zo yana ce mana da mun sa naitirojin a tayoyin maimakon iska da duk ba mu sha wannan wahala ba. Ban yarda da shi ba. Iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kuma shi ma yana hawa in ya ji zafi. Amfaninsa shi ne a bushe yake, babu danshin da ke sa lissafi ya rikice.

Biyar da rabi aka rufe fili. Na tattara kaya, na ba tayoyin lokaci suka huce, na auna: 26, 27, 26, 27, kuma da sauran ɗumi a jikinsu, wato da safe za su fi haka sauka. Mutum biyu na gani sun ja motocinsu haka suka hau babban titi, abin ya dame ni. Fitilar gargaɗin iska, wadda Amurka ta wajabta wa sababbin motoci tun 2007, dokar ta ce ta kama ne in iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. A mota mai 29, sai an kusa 22 ke nan. Mutum zai iya yin tafiyar awa guda da iskar da ba ta isa ba, fitila ba ta ce masa komai ba. Na jona ƙaramin famfona a jikin mota, na kai kowacce 31 saboda ɗumin da ya rage, na yi wa Baba godiya, na mayar masa da allinsa. Ya ce in riƙe.

Yanzu na gama kwafe lambobin yau cikin littafi, kowane zango da zafin gari da abin da na ji a sitiyari. Kafaɗar waje ta tayar gaba ta hagu ta ci fiye da sauran, sai na musanya ta da ta baya kafin fita ta gaba. Gejin yana kan tebur kusa da makulli. Da safe, kafin rana ta taɓa motar, zan sauke su zuwa 29.