Godiya ga mutanen Cork, da wata dattijuwa a Cobh da ban san sunanta ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Alhamdu lillahi, mun dawo Dublin lafiya daren Lahadi, ni da uwargida da ɗiyarmu, bayan kwana biyu a birnin Cork da ke kudancin Ayalan. Yaba kyauta tukwici, ni kuwa ba ni da wani tukwicin da ya wuce wannan rubutu, sai ku yi haƙuri idan ya yi tsawo.

Yuro 200 muka ware wa tafiyar baki ɗaya, kuma duk wanda ya san tsadar masauki a ƙasar nan ya san wannan kuɗi na iya ƙarewa a kwana guda. Abin da ya sa ya ishe mu shi ne Yayanmu ɗan Zariya da ke aikin jinya a can, wanda da na kira shi ina tambayar otal mai sauƙi sai ya ce, "Kai, ka raina ni ke nan? Ina garin za ka kama ɗaki?" Ya kwashe yaransa ya mai da su falo, ya bar mana ɗakinsu. Yaya, Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a. Hajiya kuma, mun iso wajen ƙarfe goma na dare a jiƙe sharkaf, muka tarar da tuwon shinkafa da miyar kuka na jiranmu. Kukar da kike tattalinta tun zuwanki gida na ƙarshe ce kika juye mana, na sani. Allah ya biya ki da gidan Aljanna.

Bas muka hau, awa uku da 'yan mintoci. Jirgin ƙasa ya fi sauri, amma aljihu ya ce a'a.

Ranar Asabar da safe Yaya ya ce mu fara da kasuwar da ake kira English Market, domin ba ta ci ranar Lahadi. Tun 1788 take ci, a rufe take da rufi mai tsayi, kuma har Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta leƙa ta a 2011. A nan ne mutum na uku da zan gode wa yake. Na hango tumbi fari tas a wani teburi, raina ya biya, na tuna farfesun kayan ciki na gida. Kusa da shi akwai wani abu dogo mai duhu kamar tsiran Turawa. Na nuna shi ina tambaya, sai mai sayarwar ta dubi hijabin uwargida, ta ce, "Wannan sunansa drisheen, da jini ake yin sa, ina jin ba naku ba ne." Ciniki ne ya zo mata har gabanta, ta mayar da shi da bakinta. Daga nan ta nuna mana layin masu kifi. Muka sayi bandar kifi da burodinsu mai ruwan ƙasa wanda ba a sa masa yis, da ɗan man shanu, muka zauna a bakin kogin Lee muka karya. Abin bai kai Yuro 20 ba mu uku. Akwai wani naman shanu mai kayan yaji da garin ya yi suna da shi, ƙamshinsa har cikin ƙwaƙwalwa, amma tunda ban san yankan ba sai na haɗiye yawu na wuce.

Garin da ƙafa ake zagaya shi, wannan ma ya rage mana kashe kuɗi. Tsakiyarsa tsibiri ne tsakanin rassa biyu na kogin, sunan Cork ɗin ma a harshensu daga kalmar fadama ya samo asali. Babban titinsu, St Patrick's, a lanƙwashe yake domin a kan tsohuwar hanyar ruwa aka shimfiɗa shi. Sai dai tudu! Hawan unguwar Shandon sai da uwargida ta ce, "Malam, yawon buɗe ido muka zo ko horo?" A can ne hasumiyar cocin St Anne take, ginin 1722, mai agogo a fuska huɗu da mutanen garin ke kira maƙaryaci mai fuska huɗu, saboda kowace fuska da nata lokacin. A ƙololuwarta akwai wani ƙaton kifi mai ruwan zinariya da ke juyawa da iska. Mun biya kuɗin shiga, muka hau, aka ba mu abin toshe kunne domin ta gefen ƙararrawa ake bi, kuma baƙo ma ana barinsa ya ja igiyar ya kaɗa. Ɗiyata ta ja har sau uku, ta ƙi saki.

Ƙasa kaɗan akwai gidan tarihin man shanu. Na yi dariya da farko, wai man shanu har da gidan tarihi. Ashe a ƙarni na 19 kasuwar man shanun Cork ce ta fi kowace girma a duniya, daga nan ake loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashe masu nisa. Har da wani tsohon mai da aka tono a cikin laka, wanda mutanen dauri suka binne don ya daɗe. Na ce da Fulanin garinmu za su ga darajar da aka ba sana'arsu a nan, da sun ƙara wa ƙwarya kuɗi.

Da yamma muka ratsa jami'ar garin, wadda aka kafa a 1845, inda George Boole ya koyar da lissafi, wanda a kan dabararsa kwamfuta ke aiki har yau. Shiga kyauta ne. Muka rufe da soyayyen kifi da dankali a takarda.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutu. Ranar Lahadi muka hau jirgin ƙasa zuwa Cobh, ana kiran sa Kof, tafiyar ƙasa da rabin awa. Nan ne tashar ƙarshe da jirgin ruwan Titanic ya tsaya ranar 11 ga Afrilu, 1912, ya ɗauki mutum 123. Muna zaune a wani benci kusa da gunkin Annie Moore, yarinyar da ta tashi daga nan ta zama ta farko da aka yi wa rajista a tashar karɓar baƙi ta tsibirin Ellis na Amurka a 1892, sai ruwan sama ya kece. Muka kwashi yarinya a guje. Sai da muka hau tudu har gaban babban cocin garin uwargida ta ce, "Malam, ina jakar?" Cikinta akwai katunan izinin zamanmu, da katin banki, da tikitin komawa. Wanda ke zaune a ƙasar wani ya san abin da ɓatan katin nan ke nufi. Inna lillahi kawai nake maimaitawa ina gangarowa a guje, na tarar da benci wayam.

Ina tsaye ruwa na dukana, sai na ji ana ƙwanƙwasa gilashin wani shagon shayi. Wata dattijuwa ce mai farin gashi, jakar na kan cinyarta, ta riƙe ta da hannu biyu. Ta ce ta ga tashinmu, ƙafarta ba za ta iya bin mu ba, shi ya sa ta zauna inda za ta hango bencin. Kusan minti arba'in tana jira. Na zaro Yuro 20, ta ture hannuna, ta ce in saya wa yarinya koko mai zafi. Kafin in je in taho da su uwargida su gaishe ta, ta tafi, kuma mai shagon ta ce dattijuwar ta riga ta biya kuɗin kofin yarinyar. Baba, ko wannan saƙo ba zai taɓa isa gare ki ba, mun gode, mun gode. Allah ya ƙara miki lafiya.

Na gode wa maƙwabcinmu ɗan Maraɗi da ya kai mu tashar bas ranar Juma'a, ya kuma ɗauko mu daren Lahadi bai karɓi ko kuɗin mai ba. Da muka iso gida muka ƙirga, saura Yuro 31 a aljihu.

Yaya, lemarka baƙa tana wurinmu, uwargida ce ta sa ta a jaka ba ta sani ba. Duk mai zuwa Cork a makon nan ya yi mini magana in ba shi ya kai masa.